Motar Ɗantani Ba Ta Lotsewa

"Ina kwana, bawan gidanmu? Ina gajiyar ɓarna?"

"Gajiya ta bi lafiya, ganinki ne ya dawo da ita. Wa ya nuna miki hanya?"

"Ƙara na biyo. Tun daga bakin masallaci aka ce min in na ji kamar ana rushe gida in nufi wajen, a nan mahaukacin yake."

Zinariya ce tsaye a bakin garejin Ɗantani ranar Asabar da hantsi, takalmanta a hannu, don ruwan da ya kwana yana zuba ya haɗe kwata da hanya. Ɗantani bai tashi daga kan tayar da yake zaune ba. Toliye ne, wato mai miƙar da jikin mota idan ta yi karo, kuma ya shekara talatin yana wannan aiki a yankin New Bell, a wani lungu bayan unguwar Hausawa. Ita kuwa 'yar kawunsa ce, ubanta da uwarsa ciki ɗaya, saboda haka taubasai ne, kuma tun suna yawo ba takalmi ba su taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba. Ta yi boko, tana aiki a wani ofishin inshora a unguwar Akwa, inda take wuni tana duba hotunan motocin da suka yi hatsari.

Wata uku ke nan ba wanda ya yi wa Ɗantani magana da irin wannan murya. Tun ranar da ɗansa Affan ya hau bensikin, babur ɗin haya, wata babbar mota ta goge su a mararrabar Ndokoti, yaron bai kai asibiti ba, kowa lallaɓa shi yake yi. A zaman makokin ne ya miƙe a gaban jama'a ya rantse da Allah cewa Ikhlas, 'yar da ta rage masa, ba za ta ƙara hawa wani abin hawa ba sai wanda shi ya ƙera da hannunsa. Mutane suka ce zafin rashi ne, zai huce. Bai huce ba. Ya sallami masu kawo gyara, ya jawo wata 'yar mota da ya daɗe yana harhaɗawa don nishaɗi, ya duƙufa a kanta. Ga shi jibi Litinin za a koma makaranta, Ikhlas za ta shiga ajin ƙarshe, makarantar kuma tana can gaba da Ndokoti. In motar ba ta kammala ba, yarinya a gida za ta zauna.

Zinariya ta zagaya motar sau biyu, tana taɓe baki. 'Yar ƙarama ce, kujera biyu, koren fenti, da injin babur mai ƙafa uku a bayanta. Aikin hannu dai ya yi kyau, wannan ko maƙiyi ba zai musa ba, amma ita ba yabo ta zo yi ba.

"Wannan ce motar? Na zaci akurkin kaji ne aka sa wa taya."

"Kajin gidanku ba su taɓa kwana a wuri mai kyan wannan ba. Ke ma haka."

"Ka iya bakinka, ɗan mace. Ranar sunanka ubana ya so ya ba da kai tukuicin akuya, mai akuyar ya duba ka ya ce a bar shi da abarsa."

"Ni kuwa an ba ni ke kyauta har da buhun shinkafa a kai. Na ce a sauke min shinkafar."

"Shi ya sa har yau kake nadama. Wannan jibgegen abu da ke gabanta fa?"

"Ƙarfen layin dogo ne. Ƙarti huɗu suka ɗauko min shi daga wajen masu tsofaffin ƙarafa." Ya miƙe, ya nuna mata katangar wani tsohon kango da ke ƙarshen filin garejin. Ramuka uku ne a jikinta, bulo ya zube a ƙasa. "Sau uku ina tokare totur da sanda in sake ta, ta je ta daki katangar can. Ke da kike cin abinci da kallon ɓarnar mutane, zo ki nemo min inda fenti ya kankare."

Ta duƙa, ta duba, har da shafawa da yatsa. Ba lotsawa, ba ƙwarzane. Na ɗan lokaci Ɗantani ya ji tsohon daɗin nan na mai sana'a idan aiki ya tsaya inda ya ce ya tsaya. Daɗin bai daɗe ba, don ta riga ta leƙa cikin motar. Kujerar gefen direba a jiƙe take sharkaf, bel ɗin kujera na ɗaure a kanta, ga fasassun katanga na tulu har ƙarƙashin sitiyari.

"Su kuma waɗannan?"

"Tulu ne."

"Na san tulu, a gidanmu uwarka ta koyi ɗaukarsa. Me yake yi a kan kujera, an ɗaure shi kamar mai tafiya Yawunde?"

Ya koma kan tayarsa ya zauna. Zinariya ta dubi tulun, ta dubi kujerar, ta gane wadda tulun yake zaune a madadinta, sai ta ajiye takalmanta a ƙasa a hankali.

"Na nawa ne wannan?"

"Na uku." Muryarsa ta yi ƙasa. "Na farko, ƙarfen nan kaɗai na sa. Mota ta daki katanga ta tsaya cak, tulu ya tarwatse. Na ce ƙarfi ne bai isa ba. Na samo sifirin na babbar mota na yi waldarsa a bayan ƙarfen. Ta daki katanga ta yi tsalle ta dawo baya, tulu ya sha duka biyu maimakon ɗaya. Yau na naɗe shi da katifa, katifar ɗakina, na ƙara ƙarfe biyu a ƙasa. Wuyan ne ya fara cirewa."

"Wato duk sanda tulu ya fashe, sai ka ƙara wa mota ƙarfe."

"To me zan ƙara mata, man shanu?"

"Da ya fi. Kai dai Allah ya yi ka da taurin kai, ka rasa inda za ka kai shi, ka zo ka ƙera masa taya huɗu."

"Madam, in wa'azi kika zo yi, Juma'a ta wuce tun jiya."

"Miƙo min gudumar can."

"Ki yi me da ita? Hannun da bai san komai ba sai biro da cokali."

"Ba ni zan riƙe ba. Ina da bawa, me zai kai ni ɗaukar guduma? Tashi ka daki ƙarfen jirginka, da iyakar ƙarfinka."

Ya so ya ƙi, amma ya san halinta, za ta iya wuni a nan tana faɗar abu ɗaya. Ya ɗauki babbar guduma ya maka wa ƙarfen. Ƙara ta cika garejin, gudumar ta yi tsalle ta dawo, zafin ya bi ta wuyan hannunsa ya haura har kafaɗa. Ya yarfe hannu yana cije baki.

"Ashiya, sannu," in ji Zinariya, ba alamar tausayi a fuskarta. Ta tsinci wani gwangwanin madara da yake zuba kusoshi a ciki, ta zazzage su a ƙasa, ta kifa shi a kan ƙarfen. "Yanzu daki wannan."

"Kusoshina kika zubar."

"Ka tsince, aikin bayi ne. Daka."

Ya daka. Gwangwanin ya murƙushe ya koma faifai, gudumar ta kwanta a kansa ba ta dawo ba.

"Ina hannun?"

"Yana nan."

"Ya yi zafi?"

Ɗantani ya dubi hannunsa, ya dubi gwangwanin.

"Dukan ɗaya ne, bawan gidanmu. Na farko ƙarfe ya ƙi karɓa, ya mayar maka da abinka. Na biyu gwangwani ya cinye shi, ya mutu a madadin hannunka. Dole dukan ya sauka a kan wani abu. Motarka ta ce ba ita ba, katanga ta ɗauki rabi, sauran wa kake so ya ɗauka in ba wanda ke zaune a ciki ba?"

"Wato in ƙera mota don ta lotse."

"Gabanta dai. Inda mutum yake zaune ka yi shi da ƙarfin da ka ga dama. Amma hancin, ka bar shi ya naɗe."

"Ni? Ni Ɗantani in ƙera abin da zai yamutse da gangan? Shekara talatin ina zagin masu ƙera motocin zamani. A kawo min mota, ɗan karo kaɗan, gabanta ya koma kamar takardar ƙosai. In ce wannan ba ƙarfe ba ne, cuta ce. Duk unguwar nan an san ni da wannan magana."

"An san ka da maganganun banza da yawa. Bari in tambaye ka. Waɗannan masu kama da takardar ƙosai, wa yake kawo maka su?"

"Masu su mana."

"Da ƙafarsu?"

"Da ƙafarsu, suna tsaye a kaina suna ta min surutu in yi sauri."

"To tsofaffin nan da kake yabo, masu gaba kamar ƙofar kurkuku, waɗanda ake jawo maka ba abin da ya same su sai gilashi da sitiyari ya karye. Su fa wa yake kawowa?"

Ɗantani ya fara lissafo su a zuci. Sai ga su suna zuwa masa ɗaya bayan ɗaya. Ƙanen wani Alhaji da ya zo da farar mota ya ce a wanke kujerar a sayar. Wata mata mai takaba da ta aiko surukinta. Ya tuna yadda yake shafa gaban irin waɗannan motoci yana cewa a da ne ake ƙarfe. Shekara talatin amsar tana shigowa garejinsa ana jan ta da igiya, shi kuwa yana yaba fenti. Kunya ta kama shi, bayanta kuma wani abu da ya fi kunya nauyi.

"Magada," ya ce.

"A ofishinmu ma haka ne. Mota ta yi kaca-kaca, mai ita ya zo yana mana masifa. Mota ta fito tsaf, a aiko mana takardar likita."

Ruwa ya fara yayyafi a kan kwanon rufi. Ɗantani ya ɗauki wuyan tulun da ya cire, yana juya shi a hannu.

"Ina wajen aka yi wa Affan wanka," ya ce. "Na duba shi tun daga kafaɗa har yatsun ƙafa. Ko ƙwarzane babu, Zinariya. Kamar motar nan. Kansa ne kawai ya sami bakin titi."

Ba ta ce ya yi haƙuri ba. Wata uku ana ce masa ya yi haƙuri, har kalmar ta daina shiga kunnensa. Ta tsaya kawai tana kallon ruwan da ke ɗiga daga kujerar.

Can sai ya zabura kamar wanda aka tsikara. Ya ɗauki alli ya durƙusa a kan siminti. "Tsaya. In na yanke ƙarfen jirgin, na sa bututu mai kusurwa huɗu, marar kauri, guda biyu, tsawon kamu uku. In ɗan tsaga su nan da nan da nan, yadda in duka ya zo za su naɗe daki-daki kamar zugazugin maƙeri, ba su karye gaba ɗaya ba. A cikinsu in jera gwangwanaye. Bayan bututun ne zan sa ƙarfe mai ƙarfi, ya kewaye kujeru." Hannunsa na gudu, zanen na fitowa tsaf. A wannan fanni ba a taɓa raina shi ba.

"Ashe akwai ƙwaƙwalwa a ciki. Na zaci duk walda ce."

"Ki yi shiru, manya na aiki."

"Kwana nawa?"

Allin ya tsaya. "Kafin in samu bututun, in gwada, in sake gwadawa... mako uku. Wataƙila huɗu."

"Jibi ne Litinin."

"Na san kwanakin mako."

"To ka san wannan ma. Ko ka gama yau da la'asar, motar nan ba ta da takarda, ba ta da lamba, ba wanda ya duba ta ya sa hannu. Ba ofishin inshorar da zai karɓe ta, har da namu, ko da ni ce mai kamfanin. Ɗan sandan farko da za ka tarar a mararraba zai sa a ja ta. In kuma ka tsallake shi, ka shiga Ndokoti da ita tsakanin masu ɗaukar kwantena daga tashar jirgin ruwa, gwangwanayenka duka ba su kai loma ɗaya ba. C'est fini, mon frère, magana ta ƙare. Ba don in ɓata maka rai na faɗa ba."

Wannan karon ba zolaya a muryarta, kuma shi ya fi yi masa ciwo. Da ta zage shi, da ya san abin da zai mayar. Ya zauna daɓas a kan zanen nasa, allin ya manne masa a wando. Wata uku ya yi yana gaya wa kansa cewa in dai ya ƙara ƙarfe, in dai ya ƙara kwana ɗaya, akwai abin da hannunsa zai iya yi wanda zai tsaya tsakanin 'yarsa da titi. Yanzu ya ga babu. Ya ji tsoro tsirara, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka kira shi a waya a kan Affan.

"To ta zauna a gida," ya ce. "Makaranta ba ta fi rai ba."

"Salamatu ce ta aiko ni, in ba ka sani ba. Matarka ta rasa ta inda za ta fara maka magana, ta ce a nemo wadda ba ta jin kunyarka. Ikhlas ta goge kayan makarantarta tun Laraba, ta ɓoye su a ƙarƙashin gado don kada ka gani ranka ya ɓaci. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙe ka ba. Kullum da safe sai ta ciro su ta duba ta mayar. Ɗaya titi ya ɗauke maka. Ɗayar kai kake so ka ajiye ta a ɗaki har ta bushe."

"Ta hau tasi? Gwangwanayen da nake gyarawa?"

"Yanzu fa ka gama koyon darajar gwangwani. Amma tasi awa biyu take yi a cunkoson safe, ana rufe ƙofar makaranta bakwai da rabi. Ka sani, na sani. Bensikin ne."

"Na rantse, Zinariya. A gaban liman, a gaban kowa."

"Kai ne farkon wanda ya yi rantsuwa cikin zafi? Je ka tambayi limamin. In ka ga abin da ya fi alheri, ka karya ka yi kaffara, ka ciyar da miskinai goma. Ga ta farko a tsaye a gabanka, saura tara."

"Ke ce miskiniya? Mai gida a unguwar Cité des Palmiers?"

"Wadda taubashinta toliye ne ai ta cancanci sadaka."

Ta buɗe babbar jakarta ta ciro wani abu a naɗe cikin ɗankwali, ta ɗora masa a cinya. Hular kwano ce, sabuwa, baƙa, mai rufe har haɓa. Ba irin ta robar nan da 'yan bensikin ke ratayawa a hannu don 'yan sanda ba.

"Na auna kanta da zare ranar Alhamis, tana tsammanin kitso zan yi mata. Akwai kuma wani dattijo a layinmu, Ɓoɓɓo, ya shekara goma sha biyar yana bensikin, tafiyarsa har haushi take ba mutane don sanyi. Na yi magana da shi, zai riƙa zuwa ƙarfe shida."

Ɗantani ya ƙwanƙwasa hular da bayan yatsa, yadda yake yi wa ƙofar mota in yana son ya ji kaurinta. Ya juya ta, ya ɗaga yadin da ke ciki, ya ga wani farin abu mai kauri irin wanda ake tallafe talabijin da shi a kwali. Ya danna babban yatsa. Abin ya shige ciki kaɗan, bai dawo ba.

"Wannan ma lotsewa take yi."

"Aikinta ke nan. Sau ɗaya take yi, a jefar a sayi wata. Kuma ka daina danna min ita."

"Za ta hana babbar mota?"

"A'a."

"Ko ƙarya ba za ki yi min ba."

"Na fi ka ganin hotuna. Ba abin da ke hana babbar mota. Bakin titi take hanawa, wani lokaci."

Ya daɗe yana kallon hular. Sai dariya ta kuɓuce masa, gajeriya, marar daɗin ji, ta farko cikin wata uku. Ya share ido da bayan hannu ya ce hayaƙin walda ne, alhali tun zuwanta ba a kunna walda ba.

"Shekara talatin da guduma a hannu, a zo a kayar da ni da gwangwanin madara. Gwangwanin ma nawa."

"Faɗi da kyau in ji."

"Kin ci, uwar gijiyata. Allah ya isa, amma kin ci."

"Haka nake son bawa mai ladabi."

"Ki biya ta gida, ki ce wa Salamatu gobe ta ɗora tukunyar mutum goma. Ke ba kya ciki, ki ci a gidanku."

"Zan zo da kwanona." Ta sa takalmanta, ta miƙa hannu. "Kawo hular in kai wa yarinya."

Ya janye ta ya rungume a ƙirji. "Bar ta. Ni zan ɗaura mata jibi. Nuna min dai yadda ake kulle igiyar nan."

Ta nuna masa. Ya gwada, maɓallin ya kuɓuce. Ya sake gwadawa, ya sake kuɓucewa. Zinariya ta ga haka, ta buɗe baki za ta zolaye shi, sai ta fasa. Ta jawo wata taya ta zauna kusa da shi, ta jira har ya kulle.